Yadda Ake Sa Ido Kan Ƙanƙarar Ƙurewar Duniya, Teku da Iska Daga Damagaram

Wanda ke zaune a Birni ko Zango a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, in aka yi masa zancen ƙanƙarar ƙurewar arewa sai ya ɗauka tatsuniya ce. Amma kaso mai yawa na danshin da hatsinmu ke sha a Agusta, iskar damana ce ke ɗauko shi daga tekun Atlantika, kuma zafin wannan teku yana ɗaure da abin da ke gudana can sama wajen Girinlan, babban tsibirin ƙanƙara na ƙurewar arewa. Tun 1986 masu bincike a Ingila suka nuna cewa farin shekarun 1970 da 1980 ya faɗo daidai lokacin da tekunan arewa suka yi sanyi in aka gwada su da na kudu, layin hadari ya kasa hawowa arewa yadda ya saba. Mushen lise, ɗalibin Jami'ar André Salifou ko malamin gona, kowa na iya bin wannan al'amari da idonsa, domin bayanan kyauta ne.

Kayan aiki ba su da yawa: kwamfuta ɗaya mai Excel ko LibreOffice Calc, intanet sau ɗaya a wata, kile na ajiya, littafin rubutu mai kauri, da ma'aunin ruwan sama. A buɗe tebur guda, kowane wata layi ɗaya, kowane awo ginshiƙi ɗaya. Amfanin aikin duka yana cikin wannan tebur, don ƙanƙara, teku, iska da halittu ba a gane su sai an jera su kafaɗa da kafaɗa a kan kalanda ɗaya.

Kafin a taɓa kowane fayil, a san tarkon da ya fi kama mutane a Nijar. Kwamfutocinmu da Faransanci aka saita su, suna raba lamba da waƙafi, su rubuta 3,39. Fayilolin Amurka kuwa da aya suke rabawa, 3.39, waƙafi kuma shi ke raba ginshiƙai. In aka danna fayil sau biyu kawai, ko dai komi ya cushe a ginshiƙi ɗaya, ko lambobi su koma rubutu, lissafi ya ƙi fita. Magani shi ne a shigo da fayil ta hanyar shigar da bayanai, a zaɓi waƙafi a matsayin mai raba ginshiƙai, a sa harshen lambobi ya zama Turancin Amurka. Bayan haka a nemo duk inda aka rubuta -9999 ko -99.99 a share, a bar gurbin wayam. Waɗannan alamar ba a yi awo ba ce, kuma guda ɗaya tak ta isa ta rusa matsakaicin shekara.

Ƙanƙarar teku

Cibiyar NSIDC mai tara bayanan ƙanƙara, da ke Boulder a jihar Kolorado ta Amurka, tana da fayil biyu na kullum-kullum, mai farawa da N na arewa, mai farawa da S na kudu, kuma sun soma daga ƙarshen Oktoban 1978. Taurarin ɗan'adam da ke wannan awo ba hoto suke ɗauka ba. Suna sauraron wani raunannen kaɗawar maikurowef da ke fita daga jikin ruwa da na ƙanƙara, wanda ya bambanta tsakanin su biyun, shi ya sa gajimare da daren wata da watanni ba su hana su aiki.

An yanka teku gida-gida, kowane gida kilomita 25 tsawo, 25 faɗi, wato murabba'in kilomita 625. Duk gidan da ƙanƙara ta rufe kashi 15 cikin ɗari ko fiye, ana ƙirga shi dungurungum. Wannan shi ne faɗin iyaka. Akwai awo na biyu, ainihin fili, wanda ke ƙirga abin da ya rufu kaɗai: gidan da ke da kashi 20 zai ba da 625 a awo na farko, 125 a na biyu. Kada a haɗa su a ginshiƙi ɗaya. Mu dai faɗin iyaka muke ba da shawara, don a lokacin zafi ruwa na taruwa tafki-tafki a bisa ƙanƙara, na'ura ta ɗauka buɗaɗɗen teku ne, sai awon fili ya faɗi ƙasa da gaskiya.

A fitar da matsakaicin kowane wata. A Excel na Faransanci MOYENNE.SI.ENS ke yin wannan, a ba ta ginshiƙin shekara da na wata. Za a ga kafin Agustan 1987 awo kwana biyu-biyu ne, kuma akwai giɓi daga Disambar 1987 zuwa Janairun 1988. Ba lalacewar fayil ba ce, kada a cike da ƙiyasi. Sannan a cire matsakaicin 1981 zuwa 2010 na wannan watan daga kowane awo, abin da ya rage shi ne rata. Satumba da Satumba ake gwadawa, ba Satumba da Maris ba.

Ga lambobin da za ku duba aikinku da su; na mafi ƙanƙanta da mafi girma na ranakun da ƙanƙara ta kai ƙarshe ne, ba matsakaicin wata ba, don haka na teburinku za su ɗan bambanta. A arewa ƙanƙara na kai ƙarshen raguwa a Satumba. Mafi ƙanƙanta a tarihin awo shi ne na 2012, murabba'in kilomita miliyan 3.39, alhali abin da aka saba ya ɗan haura miliyan 6. Abin da ya ɓace ya fi ƙasar Nijar ninki biyu. Gangaren Satumba, wato yadda ƙanƙarar watan ke raguwa cikin shekaru, ya kai kashi 12 cikin ɗari kowace shekara goma. Kudu kuwa kalandarta a juye take, Fabrairu ne ƙarshen raguwa. Ƙanƙarar Antaktika ta yi ta ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ta haura miliyan 20 a Satumbar 2014, sai ta juya, a Fabrairun 2023 ta sauka zuwa miliyan 1.79. In teburinku ya yi nesa da waɗannan, ku koma kan waƙafi da aya. Kuma kowane wata a sauko da fayil ɗin gaba ɗaya, kada a manna sabon layi a gindin tsoho, don na'urorin awo sun sha canjawa, cibiyar kuma takan gyara lambobin baya.

Dalilin da ya sa ake fara da wannan awo: sabuwar dusar ƙanƙara na mayar da kashi 80 ko fiye na hasken rana sama, buɗaɗɗen teku kuwa bai mayar da ko kashi 10. Kamar farar riga ce da baƙa a tsakar rana. Ƙanƙara ta ja baya, ruwa ya sha zafi, zafin ya hana sabuwa kamawa da wuri. Tun 1979 yankin Aktik, wato ƙurewar arewa, na ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya.

Kofi biyu a kan tebur

Kafin a shiga lambobin teku, wannan gwaji ya fi dogon bayani. A dafa zoɓo, bisap ke nan, ya yi ja sosai, ba sukari ko kaɗan, a zuba a kwanon ƙanƙara a sa a firigo. A samo kofin gilashi biyu iri ɗaya, kowane a zuba ruwa mililita 250. A ɗaya a narkar da gishirin girki giram 9, kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, wanda ya yi daidai da gishirin teku, giram 35 a lita. Kantun Bilma bai dace ba, yana turɓune ruwa. A bar kofunan awa ɗaya a inuwa zafinsu ya daidaita, sannan a saka ƙanƙara ɗaya-ɗaya a lokaci guda, kada a motsa, kada a jijjiga tebur.

Yawancin ɗalibai kan rantse ta ruwan gishiri za ta riga narkewa. Sai ga akasin haka. A kofin ruwan daɗi za a ga jan zare yana zuba ƙasa, ruwa mai ɗumi na hawowa yana cin ƙanƙarar, nan da nan kofin ya rine duka. A kofin gishiri kuwa jan ya kwanta a sama kamar man gyaɗa a kan miya, ƙasa garau, ƙanƙarar na zaune cikin sanyin ruwanta. In jan ya nutse a kofin gishiri ma, to an sa sukari a zoɓon, ya yi nauyi, ko gishirin bai narke ba.

Abin da ke faruwa ke nan a arewacin Atlantika. Kusa da Girinlan ruwan sama-sama mai gishiri na yin sanyi, ya yi nauyi, ya nutse, nutsewar ta jawo ruwa mai ɗumi daga kudu. Narkakkiyar ƙanƙara ruwan daɗi ce, in ta yi yawa sai ta zama murfi. Jerin na'urorin RAPID da aka dasa a layin digiri 26 arewa tun 2004 na auna wannan zagaye, matsakaicinsa kusan kubik mita miliyan 17 a daƙiƙa. A 2009 zuwa 2010 ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, ya kuma farfaɗo, don haka shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Kwaikwayon kwamfuta dai na nuna cewa in zagayen ya yi rauni sosai, arewacin Atlantika zai yi sanyi, layin hadari ya ja kudu, wato ya yi nesa da mu.

Zafin teku, sama da ƙasa

Na sama yana da sauƙi. Kundin OISST na zafin saman teku, na NOAA, hukumar teku da iska ta Amurka, ya fara daga Satumbar 1981, kuma dandalin Climate Explorer na hukumar yanayin Holan yana fitar da matsakaicin duk akwatin da aka zana. A ɗauki biyu: arewacin Atlantika daga digiri 10 zuwa 40 arewa, 75 zuwa 15 yamma, da ɗamarar duniya mai zafi daga 20 kudu zuwa 20 arewa. A cire na biyu daga na farko, na Yuli zuwa Satumba. Yamma da alamar ragi ake rubuta ta, -75 da -15. Wanda ya manta, akwatinsa zai faɗa kan sahara da Larabawa, ya yi ta lissafin Bahar Rum da tekun Indiya bai sani ba.

Amma tauraro fatar teku kawai yake gani, alhali kusan kashi 90 na rarar zafin da duniya ke tarawa cikin teku yake shiga. Na ƙasa aikin Argo ne, tulunan ƙarfe kusan 4,000 masu yawo da kansu. Kowane na shawagi a zurfin mita 1,000, ranar goma ya nutse zuwa 2,000, ya taso yana auna zafi da gishiri, ya aika ta tauraro. A dandalin zaɓen bayanai na Euro-Argo a zana akwati a tekun Labrado da ke gefen Girinlan ko tekun Wedel da ke gefen Antaktika, a ɗauki tulu ɗaya, a bi shi. Ɗaya ya isa. Wanda ya ce zai sauko da teku duka, kuɗin intanet ɗinsa zai ƙare kafin la'asar.

Kowane awo na da makinsa: 1 mai kyau, 2 mai yiwuwa da kyau, 3 da 4 a zubar. Akwai kuma harafi: R ɗanye ne, na'ura kaɗai ta tace shi, D kuwa gwani ya duba. A gishiri D ake so, don ma'aunin gishiri kan karkace in tulu ya tsufa, ya nuna ƙarin gishirin da babu shi. Tulunan yankin ƙanƙara suna da dabara: in sun ji ruwan sama ya kusa -1.8, inda ruwan teku ke daskarewa, sai su fasa tasowa kada su fasa kai, su adana awon har bazara. Matsayinsu na waɗannan watanni ƙiyasi ne, da maki 8, shi ya sa za a ga hanyarsu a taswira miƙe sak kamar an ja da rula. A zana zafi da zurfi, zurfi na gangarawa ƙasa. A tekun kudu za a sha mamaki, don sau da yawa ruwan sama ya fi na mita 300 sanyi. Murfin ruwan daɗin nan ne na kofin gishiri, ya danne ruwa mai ɗumi a ƙarƙashi.

Ƙanƙarar tudu daban ce. Wadda ke shawagi in ta narke kusan ba ta ƙara tsayin teku, ta Girinlan da Antaktika ce ke ƙarawa. Tagwayen taurarin GRACE daga 2002 zuwa 2017, da magadansu tun 2018, suna auna nauyinta. Girinlan na asarar fiye da tan biliyan 250 a shekara, Antaktika fiye da biliyan 100, kuma kowane tan biliyan 360 milimita ɗaya ne a tsayin teku. Akwai giɓin kusan shekara tsakanin tsoffin da sabbin, a bar shi yadda yake.

Numfashin tsirrai a cikin iska

Ɗakin binciken NOAA na sa ido kan iska yana ba da fayilolin iskar kabon na wata-wata. Kowa Mauna Lowa ya sani, a Hawai, inda Charles Keeling ya fara awo a 1958 da kusan kashi 315 cikin miliyan, a 2024 kuwa yana sama da 420. A ɗauko shi, amma a haɗa da tashar Baro ta arewacin Alaska da ta tsakiyar Antaktika. A kowace shekara a cire mafi ƙanƙantar wata daga mafi girma. Mauna Lowa zai ba da kusan 6, Baro fiye da 15, Antaktika kuwa ɗan kaɗan. Dazuzzukan Sibiriya da Kanada ne ke shaƙar kabon in sun yi ganye, su sake shi in ganye ya ruɓe; kudu kuwa teku ne ya fi yawa. Wannan hawa da sauka a Baro ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku tun shekarun 1960, alamar tsirran arewa sun canja hali. Kada a yi wannan lissafi da ginshiƙin da aka riga aka cire wa sauyin yanayin shekara, ba zai nuna hawa da saukar ba.

Halittu

Nan ne awo ya fi wuya. Tushen abincin teku ƙananan tsirrai ne da ido bai gani, ana gane yawansu daga koren ruwa. A dandalin Giovanni na NASA, bayan buɗe asusu kyauta, a zaɓi kulorofil, wato sinadarin koren tsirrai, na wata-wata na tauraron MODIS Aqua, wanda ya fara a 2002, a zana akwati a tekun Barents, misali digiri 72 zuwa 78 arewa, 20 zuwa 50 gabas. A rubuta watan da kore ya fi yawa, a gwada shi da watan da ƙanƙara ta janye.

Wannan awon hoto ne, saboda haka duk abin da ya tare haske ya tare shi. A lokacin dogon dare babu komi, gajimare ma haka, kuma gurbin da babu awo ba sifili ba ne. Tsirran da ke yaɗuwa ƙarƙashin siririyar ƙanƙara tauraro bai ganinsu. A guji bakin kogunan Ob, Yenisei da Lena, don ruwansu mai launin shayi na ruɗin na'ura ta ƙirga shi kore.

A kudu, ƴan jatan landen da ake kira kiril, tsawonsu bai wuce santimita 6 ba, ƙananansu na kiwo a gindin ƙanƙara lokacin sanyi, su kuma manyan kifayen teku da tsuntsaye ke ci. Babban tsuntsun fengwin yana ƙyanƙyasa a kan ƙanƙarar da ta manne da gaɓa, yana bukatarta daga Afrilu har ƴaƴan su yi gashin da ruwa bai ratsawa wajen Disamba. A 2022 ƙanƙarar tekun Belinshawsen da ke gefen Antaktika ta watse da wuri, huɗu cikin mazaunai biyar na yankin suka rasa ƴaƴansu. Da hotunan tauraron Sentinel-2 aka gano, kuma kuna iya duba irinsu a Copernicus Browser daga Oktoba zuwa Disamba. Tsuntsun kansa bai fitowa, don ɗigon hoto mita 10 ne. Kashinsu ake nema, tabo ruwan ƙasa-ƙasa a kan fari tas. Inuwar dutsen ƙanƙara shuɗiya ce, kuma tana juyawa da rana.

Namu ginshiƙin

A kafa ma'aunin ruwa a fili, nesa da gini ko bishiya aƙalla ninki biyu na tsayinsu, huɗu ya fi, bakinsa a daidaice, kimanin mita ɗaya daga ƙasa, a kewaye shi saboda awaki. In babu na saye, mazurari mai faɗin baki santimita 20 a kan jarka ya wadatar: filin bakinsa murabba'in santimita 314 ne, don haka mililita 314 daidai yake da milimita 10. A karanta kullum ƙarfe 7 na safe. Wanda ya bari sai azahar, rana ta sha rabonta. Bayan iskar ƙura a wanke mazurarin, yashi na toshe shi, ƙadangare ma kan faɗa. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, ranar da ba a duba ba a ja layi.

Awonku na bana ne, na baya kuwa a ɗauko daga CHIRPS, kundin ƙiyasin ruwan sama wanda ya faro daga 1981 da gidaje na kusan kilomita 5, a digiri 13.8 arewa, 9 gabas. Damagaram na samun wajen milimita 400 a shekara, amma hadari ɗaya kan jiƙa Mirriya ya tsallake Birni, don haka a ɗauki akwati mai faɗi, daga Magariya zuwa Tanut. Hasashen damana da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke fitarwa kafin shuka shi ma zafin teku yake dubawa, a ajiye shi a gefen tebur.

Yanzu sai gwadawa, kuma a nan masu ilimi ma ke zamewa. Tun shekarun 1990 ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo, ƙanƙarar arewa kuma na raguwa. In aka haɗa ginshiƙan biyu kai tsaye, lambar dangantaka za ta fito da ƙarfi, mutum ya ce narkewar ƙanƙara ke kawo mana ruwa. Yawan baburan kabu-kabu a kasuwar Dole ma zai ba da irin wannan lamba, don duk abu biyu masu gangare tare suke tafiya. A fara cire gangaren: a yi amfani da TENDANCE a fitar da miƙaƙƙen layin kowane ginshiƙi, a cire shi daga awon, sannan a sa COEFFICIENT.CORRELATION a kan ragowar. Da shekara 40, lambar da ba ta kai 0.31 ba tana iya zama dace kawai. Da shekara 10 sai ta kai 0.63. Kada kuma a gauraya ma'aunin rata, ƙanƙara a kan 1981 zuwa 2010, ruwa a kan 1991 zuwa 2020. A zaɓi ɗaya a sake lissafa duka.

A bi sarƙar ƙarfe-ƙarfe: ƙanƙarar Girinlan da gishirin Labrado, gishirin da zafin arewacin Atlantika, zafin da damana. Ƙarfen ƙarshe ne ya fi nuna kansa, na farko kuwa a hankali yake aiki, shekaru gommai. A sa alama a shekarun El Nino, wato lokacin da gabashin tekun Pasifik ke ɗumama fiye da yadda ya saba, irin 1997 da 2015, don tekun Pasifik kan murɗe damanarmu ba ruwansa da ƙanƙara. Ana sabunta lissafin a Nuwamba, bayan an ɗaure dammunan hatsi, lokacin jimillar damana ta kammala, lambar Satumba ta arewa kuma ta fito. A kwafi teburin a kile biyu, a kuma rubuta layin shekarar da biro a littafi, don zafin Mayu da yankewar kuran ba su barin kwamfuta ta daɗe.